Hular Aro da Gidan Yayata

Ni mai wankin hula ne a Mafoni. Na gama firamare, na ƙara shekara biyu a gaba, sai mahaifinmu ya rasu na bari. Abin da na samu ya ishe ni in karanta takarda in rubuta wasiƙa, kuma a gidanmu wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Da ɗan karatun nan nake rubuta abin da ke biye. Na daɗe ina ba kaina labarin a zuci, amma duk lokacin da na ba da shi sai in tarar na rage wani wuri ko na sassauta wani, don in fita da sauƙi. Idan na sa shi a takarda ba zan iya komawa in gyara ba.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da yayata. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya ni, kuma har yau da furfura ta cika mini gemu Auta take ce mini. Mijinta direban babbar mota ne. Ya sayi ɗan fili a Old Maiduguri tun wajen bai cika ba, ya gina ɗaki biyu da zaure, ya dasa darbejiya a tsakar gida. Da ya rasu, danginsa suka bar gidan a hannunta ita da 'yarta guda, wadda daga baya ta yi aure a Biu. Yaya ta zauna ita kaɗai tana haɗa turaren wuta, tana zubawa a ƙananan kwalabe, matan unguwa suna saye. Da shi take ci.

Ni ma ni kaɗai ne. Matata ta rasu ba mu samu haihuwa ba, ban sake aure ba. Ɗaki ɗaya nake haya a bayan rumfata. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai in hau keke in tafi gidan Yaya, in ci burabusko a gindin darbejiya, in kishingiɗa har la'asar. In zan tafi ta ƙulla mini turare a leda. Dole in rubuta wannan a fili tun yanzu: ita take ciyar da ni, ba ni nake ciyar da ita ba. Abin da nake kai mata bai wuce goro ba, shi ma ba kullum ba.

Wata Juma'a na same ta ba ta ɗora tukunya ba. Ta miƙo mini takarda ta ce in karanta. Sammaci ne. Mutumin da ya sayar wa mijinta filin ya rasu, 'ya'yansa sun kai ƙara kotu suna cewa ubansu bai sayar ba, aro ya bayar, yanzu suna son abinsu. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takardar ciniki daga ƙasan akwati. Fallen littafin makaranta ne, rubutun hannu, ya yi ja don tsufa. Shaidu biyu ne a jiki. Ɗaya ya rasu, ɗayan kuma ya bar gari a shekarun tashin hankali, ba a san inda yake ba.

Zaman farko na raka ta. Su suna da lauya, ya tashi ya yi ta magana da Turanci yana ɗaga takardu. Alƙali ya tambayi Yaya ko tana da lauya, ta ce ba ta da shi. Ya ɗage zama, ya ce ta nemo.

A jikin rumfata akwai shagon wani ɗan kasuwa, Ibo ne, Kirista, ya fi shekara talatin a garin nan. A wurinsa nake sayen sabulu da sitaci da buroshi. Washegari ya leƙo ya gan ni ina goge hula ɗaya tun ɗazu ban ajiye ba.

Ya ce, "Malam mai hula, yau fuskarka kamar hular da ba a sa wa sitaci ba. Wa ya taɓa ka?"

Na ba shi labari. Ya jawo benci ya zauna. Ya ce akwai ofishin gwamnati da ke da lauyoyi, suna tsaya wa marar ƙarfi a kotu ba tare da karɓar ko kwabo ba. Wata mata a cocinsu ta taɓa zuwa kan rigimar haya, sun tsaya mata.

Ya ce, "Amma ba kowa suke ɗauka ba. Akwai iyaka. In abin da mutum yake samu a wata ya haura mafi ƙarancin albashin ma'aikaci, sai su ce je ka ɗauki naka. Yayarka ba ta kai ba, ko da ta haɗa da kaskon ta sayar. Ku je ku faɗi gaskiya kawai. Kana ji na? Can ba gidan biki ba ne."

Na ce, "Wa ya ce maka ƙarya za mu yi?"

"Na san ku. Shekara nawa ina cikinku? Yunwa tana kayar da mutum, ka ce masa yaya gida, ya ce alhamdulillahi."

"To me kake so mu ce? Ba mu gode ba?"

"Ka gode wa Allah a zuciyarka, ka faɗa wa akawu gaskiya."

Muka yi dariya. Na rubuta wannan hirar ne don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani. An faɗa mini maganar iyaka da Hausar da babu duhu a cikinta, kwana uku kafin mu je.

Akwai wata ɗabi'a da masu sana'armu suke yi, ba kowa ba, amma da yawa, kuma ina cikinsu. In an kawo maka hula mai tsada ka wanke, ka ɗora ta a gungume ta bushe, ka buge ta ta tsaya, mai ita kuma bai zo ba, sai ranar wata fita ka ɗan sa ta a kai ka dawo ka mayar. Muna ce wa kanmu babu abin da ya ragu a jikinta. A lokacin akwai wata hular zanna a wurina, ta wani alhaji da ya tafi Umara. Ja ce mai duhu, ɗinkinta ƙanana kamar ƙwayar gero, irin wadda mace take wata da watanni tana yi. Ranar da za mu je ofishin na sa rigar sallata, na tsaya ina kallon hulata da ta koɗe, sai hannuna ya tafi kan ta alhajin.

Ba zan ce ba ni da dalili a raina ba. A wurinmu ba a shiga ofis da kayan aiki. Kuma namijin da ya rako 'yar'uwarsa gaban hukuma, gidansu gaba ɗaya ya ɗauko a kansa. Ban so a kalli Yaya a ce ba ta da kowa.

Mai shago yana buɗe ƙofa na wuce. Ya kira ni.

"Kai! Ɗaurin auren wa?"

Na ce ofishin za mu je.

Ya ce, "Da wannan a kanka? Malam, cire hular nan. Neman taimako za ka, ba neman mata ba."

Na ɗaga masa hannu na tare keke.

Yaya tana jira a bakin titi cikin tsohuwar lafayarta, ta naɗe takardar ciniki a leda. Ta kalli kaina, ta ɗan daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ta yi maka kyau, Auta."

Ofishin ɗaki ne dogo, benci biyu a jikin bango, fanka tana juyawa a hankali. Teburin akawu yana cikin ɗakin, don haka duk abin da aka tambayi mutum da abin da ya amsa, na kan benci suna ji. Muna shiga akawun ya ɗago kai. Saurayi ne mai fara'a. Ya kalli hular, ya miƙe ya jawo kujera.

Ya ce, "Alhaji, bismilla, ga wuri."

A rayuwata ba a taɓa ce mini Alhaji ba, ko da wasa. Ban gyara masa ba. Na zauna a kujera, Yaya ta zauna a benci.

Kafin layi ya zo kanmu na ga an sallami wani mutum. Mai gadi ne a wata makaranta, an kore shi daga wani gida da ya ce ya biya hayarsa. Aka duba aka ce albashinsa ya ɗan haura iyaka. Ya tsaya yana cewa, "To ni da wannan albashin wane lauya zan ɗauka? 'Ya'yana bakwai." Akawu ya ba shi haƙuri, ya ce ba shi ya yanka iyakar ba. Mutumin ya fita yana magana shi kaɗai. Na gani da idona, na ji da kunnena, minti kaɗan kafin a kira mu.

Yaya tana jin Hausa sarai, amma a gaban baƙi takan ji nauyi, sai ta koma Kanuri da murya ƙasa-ƙasa. Don haka ni nake ɗaukar amsarta in miƙa wa akawu, shi kuma yana cike fom. Shekaru, unguwa, miji, sana'a, duk na faɗa daidai. Sai ya ce nawa take samu a wata. Ta faɗa mini abin da take samu, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Na ji kunyar in maimaita shi a ɗakin nan. Sai na tuna watan bukukuwa, bayan salla, lokacin da ake sayen turare don amare, na ba shi cinikin wannan watan kamar kowane wata haka yake. Ya rubuta. Ko da haka ba ta kai iyaka ba.

Sannan ya ce, "Akwai mai taimaka mata da kuɗi? 'Ya'ya ko dangi?"

Yaya ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Na ji idon mutanen benci a bayan wuyana. Ga mutum da hula irin wannan, ga yayarsa da lafaya mai faci, ana tambaya ko tana da mai taimako.

Na ce, "Ina raye? Ni nake riƙe da ita."

Akawun ya ajiye biro. Zan yi masa adalci, ya buɗe mini ƙofar fita. Ya ce, "Alhaji, a kai a kai ne ko lokaci-lokaci? Domin in a kai a kai ne, dole in haɗa shi da abin da take samu."

Na ce, "Duk ƙarshen wata. Ban taɓa fashi ba."

"Kamar nawa?"

Na ambaci wani kuɗi wanda ni kaina akwai watan da ba na ganin irinsa. Wata dattijuwa a benci ta ce, "Allah ya yi albarka, irinku sun yi ƙaranci." Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Daɗin da na ji a lokacin, har yau ina iya tuna shi. Babu mutum ɗaya a ɗakin da ya san ni. Babu wanda zan sake gani. Don su na yi.

Yaya ta dangwala yatsa. Ni na sa hannu a ƙasa, wurin da aka rubuta cewa duk abin da ke sama gaskiya ne.

Aka shigar da mu wurin lauya. Mace ce, ba yarinya ba, da tabarau. Ta fara duba takardar ciniki, ta juya ta gaba da baya, ta tambayi ko Bulaman unguwa na lokacin yana raye, ta tambayi shekara nawa aka yi a gidan ba wanda ya yi magana. Ta ce takardar ba ta banza ba ce, akwai abin da za a iya yi da ita. Sai ta ɗauki fom. Na ga fuskarta ta canja.

Ta ce, "Mama, abin da aka rubuta a nan ya haura iyakarmu. Ba da yawa ba, amma ya haura. Masu zuwa sun fi mu yawa, shi ya sa aka sa iyaka, kuma ba ni da ikon tsallake ta. Tunda Alhaji yana tsaye a kanki, ya daure ya ɗaukar miki lauya. Kada ki shiga shari'ar nan ke kaɗai."

Sannan ta cire tabarau ta dube ni, ni ba Yaya ba. Ta ce, "In akwai kuskure a abin da aka rubuta, a dawo a gyara kafin ranar zama. Ba laifi ba ne. Ana yi."

Na ce, "Babu damuwa. Za mu ɗauka."

Muka hau keke muka koma. Da muka iso ta kwance bakin lafayarta ta biya kuɗin mu biyu, na tsaya ina kallo. Na koma rumfa na cire hular, na ga zufa ta yi mata zobe a ciki. Sai da na sake wanke ta.

Mai shago ya leƙo ya ce yaya aka yi. Na ce sun ce ba sa ɗaukar maganar fili. Ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Da hular ka shiga?"

Na ci gaba da wankina.

Ya ce, "Malam, gobe in rufe shago in raka ka. Ka ce musu bakinka ne ya zarce. Ba za su yanka ka ba."

Na ce ya bar maganar, ta gidanmu ce. Ya ɗaga hannu biyu ya koma shagonsa. Daga ranar ya rage yi mini wasa.

Sau biyu na koma ofishin. Na farko na tsaya a tsallaken titi har rana ta yi zafi, na juyo. Na biyu na kai har bakin taga. Akawun ya hango ni, ko da yake tsohuwar hulata ce a kaina, ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Alhaji! Yaya Mama? An samu lauyan?" Na ce an samu, wucewa nake na ce bari in gaishe ku. Ya yi godiya.

Na je wurin lauya mai zaman kansa guda ɗaya. Abin da ya ce in kawo kafin ma ya buɗe fayil, ko na sayar da gungumena duka da baho da dutsen guga ba zai kai ba. Na ce zan dawo. Yaya kuwa duk sanda ta tambaya sai in ce ana kan magana. Da na gaji da faɗin haka, sai na daina zuwa Juma'a. Na ce aiki ya yi yawa. Zaman kotu ma sau ɗaya na ƙara raka ta. Na ga yadda lauyansu yake yi mata tambaya tana juyowa tana nemana da ido, na kasa jurewa. Ban ce na kasa jure abin da ake yi mata ba. Idon nata ne na kasa jurewa.

Ita kaɗai ta ƙarasa shari'ar. Ranar hukunci ina rumfa ina wanke hula. 'Yarta ce ta kira ni daga Biu tana kuka, ta ce, "Kawu, an karɓe gidan. Kana ina?"

Aka ba ta wa'adi ta tashi. Ranar kwashe kaya na zo a makare, na tarar maƙwabta sun riga sun ɗora gado da akwati a amalanke. Abin da ya rage mini in ɗauka shi ne kaskon turare. Ta ƙi zuwa gidan suruki, ta ce ba za ta zauna tana cin tuwon mijin 'yarta ba. Wata gwaggon mijinta a Abbaganaram ta ba ta ɗakin da ake ajiye hatsi, aka share ta shiga. Daga Mafoni zuwa can ba nisa, da ƙafa ma ana zuwa. Na yi kusan shekara biyu ban taka ba sai ranar salla, in gaishe ta a tsaye in tafi.

A shekarun nan na koyi ɗora laifi a kan iyakar. In hira ta kawo, sai in ce wace irin doka ce wannan, mutum ya haura da ɗan abin da bai kai kuɗin cefane ba a ce masa mai ƙarfi ne? Sai in ba da labarin mai gadin nan da 'ya'yansa bakwai. Maganar gaskiya ce, har yau ina ganin wanda ya ɗan haura iyaka ba shi da inda zai sa kansa, bai isa taimako ba, bai isa lauya ba. Amma wannan labarin mai gadi ne. Yayata ba ta haura ba. Ni na ɗaga ta na tsallakar da ita.

Wata rana wani tsohon maƙwabcinta ya kawo wankin hula. Cikin hira ya ce ai shaidan nan na biyu ya dawo gari tun kafin a gama shari'ar, yana zaune wajen ɗansa, Bulama ya san gidan. Ya ce, "Mun ɗauka kun sani." Ba wanda ya je ya tambayi Bulama. Lauyar nan ita ce ta fara ambatonsa tun ranar farko. Ba zan rantse cewa da ta tsaya mana da an ci shari'ar ba, wannan Allah ne ya sani. Amma na san da an tambaya.

Washegari na tafi ofishin da kayan aikina, hannuna duk sitaci. An canja akawu. Na jira a benci kamar kowa har aka shigar da ni. Ita ce dai, da tabaranta. Ba ta gane ni ba sai da na ba ta labari. Na ce ni ba alhaji ba ne, hular ma ba tawa ba ce, ban taɓa ba yayata kuɗin wata ba, kuma cinikin da na faɗa na wata ɗaya ne a shekara. Ta saurara har na gama. Ta tambayi lokacin da aka yanke hukunci. Na faɗa mata. Ta ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce da nisa. Ta tambayi gidan, na ce an sayar wa wani, an rushe, an sare darbejiyar, an jera shaguna. Ta ce ba za ta sa mini rai a kan abin da ba ta gani ba.

Da na miƙe ta ce, "Malam, ba ni ya kamata ka faɗa wa wannan ba."

Daga can na wuce Abbaganaram da ƙafa. Na sami Yaya a ƙofar ɗakinta tana fasa icen turare. Ta rame. Na gaishe ta da Kanuri na ce wushe, ta amsa, ta turo mini tabarma da ƙafa. Na zauna na fara. Na ce ranar nan a ofis, abin da kika faɗa mini ba shi na faɗa wa akawu ba. Na ce kuma na gaya masa ina ba ki kuɗi duk wata.

Ba ta daina fasa icen ba. Ta ce, "Auta, da wane yare kake zaton nake ciniki da matan unguwa? Na ji komai."

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

"In ce ƙanena maƙaryaci ne a gaban baƙi? Da hular mutane a kansa?"

Ashe hular ma ta sani.

Na ce, "Yaya, gidanki ne ya tafi."

Ta ce, "Na san gidana ne." Ta ajiye wuƙar. Sannan ta ce, "Da muka fito na ce a raina, tunda ya faɗa a gaban mutane har ya sa hannu, wataƙila daga yanzu yake nufi. Ƙarshen watan na jira. Ba kuɗin da ka ambata ba, na san ba ka da su. Ko sabulu guda. Na ce in ya kawo, to maganar ta zama rabin gaskiya. Sai ma ka daina zuwa Juma'a. Wata biyu ina dafa abincin mutum biyu."

Na yi kuka kamar ba dattijo ba. Ba ta rarrashe ni ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana," irin yadda ake faɗa wa kowa. Ta tashi ta zubo mini ɗan abin da ke tukunya, na ci saboda ban san yadda zan ƙi ba.

Na koma zuwa Juma'a bayan haka, amma bai daɗe ba. Gwaggon ta rasu, magada suka buƙaci ɗakin, Yaya ta tafi Biu gidan surukin da ta ce ba za ta zauna ba. Ni na raka ta tasha. Ta zauna a jikin taga da kaskon a cinya, ta ce in koma, rana tana yi.

Yanzu duk ƙarshen wata ina ba wani direba abin da ya samu ya kai mata. Bai taɓa kai abin da na faɗa wa akawu ba, ko rabinsa. Wani watan direban ya dawo mini da turare a leda, wani watan ya ce ta ce an gode.

Alhajin nan har yanzu yana kawo hularsa, sau biyu ko uku a shekara. Na faɗa masa na taɓa sa ta, ya yi dariya ya ce ai ya san halin masu wanki, bai tambayi inda na je da ita ba. Mai shago ya tsufa, yana maganar komawa garinsu. In an sauko daga Juma'a nakan dawo rumfa in zauna, ko da babu aiki. Wani lokaci ya leƙo ya ce, "Malam mai hula, ka ci abinci?" In ce masa a'a, ban ci ba.